Yadda Za Ka Gane Blizzard, da Abin da Za Ka Yi Idan An Yi Shelarta

Mutum biyu nake nufi da wannan rubutu. Na farko shi ne yaro ko yarinyar da biza ta fito, ana ta kai-komo tsakanin Nima da Kantamanto ana haɗa kayan tafiya Amurka ko Kanada. Na biyu ita ce uwa ko matar aure da ke zaune a Mamobi, Madina ko Sabon Zango, ɗanta ko mijinta yana can, ta ji ya ce mata a waya "gobe muna da blizzard", ba ta san ko ta tashi ta hau sallaya ba, ko ta ci gaba da barcinta. Na yi shekaru a Bronx, cikin birnin New York, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, kafin in dawo Accra in zauna. Wani abin da zan faɗa da idona na gan shi, wani kuma ƙa'ida ce da hukumomin yanayi na ƙasashen suka tsara.

Wajen furuci, ka ɗora nauyin murya a kan gaɓar farko, "bli", ka bar "zad" ta sauka da kanta. Ko ka ce bilizad irin na bakinmu za a gane ka. Da harafin z biyu ake rubuta ta. Guda ɗaya "a blizzard", idan sun yi yawa "blizzards".

Gidajen rediyo na Hausa suna cewa guguwar dusar ƙanƙara, kuma sun yi daidai. Sai dai Bature yana da kalma ta gama-gari, "snowstorm", wadda ta ɗauki duk wata dusar ƙanƙara mai yawa da ta zo da hadari. Blizzard kuwa tana da sharuɗɗa. A wajen hukumar yanayi ta Amurka, sai abu 3 sun haɗu. Iska ta kai gudun mil 35 a awa, wato kusan kilomita 56, ko tana kaɗawa a kai a kai da wannan ƙarfi. Dusar da ke yawo a iska ta hana mutum ganin abin da ya wuce rubu'in mil, kusan mita 400. Sannan a ɗauki awa 3 ko fiye ana cikin wannan hali. Na Kanada ya fi sauƙin haddacewa, domin duk huɗu ne: iska kilomita 40 a awa, gani mita 400 ko ƙasa, tsawon awa 4. Can arewa mai nisa, inda itatuwa ba sa fitowa, sukan ce sai awa 6.

Ka sake duba sharuɗɗan nan da kyau, ɗana. Babu inda aka ambaci yawan dusar da ta zuba. Nan ne mutanenmu suka fi ruɗewa. Dusa tana iya sauka a hankali tun dare har safe, ta kai gwiwa, ta binne motoci, amma tunda babu iska ba a kira ta blizzard ba. A irin wannan rana yara suna fita wasa. Wata rana kuma abin da ya zuba bai kai tsawon yatsa ba, amma iska ta kwashe shi tana watsa wa mutane a fuska, sai ka ji an rasa rayuka. Har ma akwai wadda suke kira "ground blizzard": sama garau, ko ɗigo ba ya saukowa, iska ce kawai take ɗebo tsohuwar dusar da ke kwance a ƙasa ta rufe ko'ina da ita. Wannan ta fi yawa a jihohin tsakiyar Amurka da filayen Kanada, inda babu tudu ko gini da zai tare iska.

Idan kana son ka kusanto da abin zuwa ga wanda ka sani, tuna ranar da hazon hunturu ya sauka da gaske a watan Janairu, har jiragen Tamale suka kasa tashi, rana ta koma kamar faranti. To, ka mai da ƙurar nan ta zama garin ƙanƙara, ka ƙara mata iskar da take ture babban mutum, sanyi kuma ya wuce wanda ke daskarar da ruwa.

Wata safiya a Bronx na tsaya a wurin jiran bas, fitilar ba da hannu tana tsallaken titi, ban fi taku talatin da ita ba, amma sai in ga ja ya bayyana ya ɓace, ya bayyana ya ɓace. Dusar ba daga sama take zuwa ba, a kwance take tahowa, tana shiga hanci da kunne da tsakanin wuya da riga. Gashin idona ya manne da juna. Numfashin da nake fitarwa ya jiƙa mayafin da na rufe baki da shi, mayafin ya sandare ya yi tauri. Wani mutum ya wuce ta gabana da baya-baya yake tafiya, domin ba ya iya fuskantar iskar. Idan abin ya ƙara tsananta har sama da ƙasa suka zama fari ɗaya, ba ka bambance titi da gefen titi, shi suke kira "whiteout". Mutum yana iya ɓata tsakanin motarsa da ƙofar gidansa.

Yadda mutane suke amfani da ita a baki

Abin da na faɗa a sama na hukuma ne. Mutanen gari ba sa auna iska kafin su yi magana. Tsohuwar da nake kula da ita takan leƙa taga, ta ga dusa tana zuba da ɗan ƙarfi, ta ce blizzard ce ake yi. Mai shago ma haka, direban bas ma haka. Saboda haka idan wani ya faɗa maka, abin da za ka fara tambaya shi ne: hukuma ce ta yi shela, ko ganin idonsa ne? Buɗe manhajar yanayi a wayarka ka duba. Idan ka ga "Blizzard Warning" a rubuce da sunan garinku, magana ta ƙare, ba ta baki ba ce.

Suna kuma aro kalmar su yi nufin duk abin da ya taso wa mutum da yawa lokaci guda har ya rasa ta inda zai kama. Za ka ji ma'aikaciyar ofis ta ce ta dawo hutu ta tarar da "a blizzard of emails", ko jarida ta rubuta cewa an yi wa minista "a blizzard of questions". Ba batun sanyi a ciki. Mu da sai mu ce an yi masa ruwan tambayoyi. Akwai kuma wani askirim da shagunan Dairy Queen suke sayarwa da wannan suna, da wani kamfanin wasannin kwamfuta mai suna Blizzard Entertainment. Idan yaro ya ce a saya masa Blizzard a tsakiyar bazara, askirim yake so. Kalmar ta Amurka ce. Da can tana nufin duka mai ƙarfi ko ruwan harsasai, sai a 1870 wata jarida a wani ƙaramin gari na jihar Iowa ta kira guguwar dusa da ita, daga nan ta bazu.

Kalmar da ke biye da ita ta fi ta muhimmanci

A sanarwar yanayi ta Amurka akwai matakai, kuma su ne za su gaya maka abin yi. "Watch" na nufin akwai yiwuwar abin ya zo nan da kwana ɗaya ko biyu, ba a tabbatar ba tukuna. Lokacin shiri ke nan. "Warning" na nufin ya iso ko yana bakin ƙofa, a daina shiri, a nemi mafaka. "Advisory" ta fi su sauƙi: za a sha wahala, titi zai yi santsi, amma mai hankali zai iya fita ya dawo. Tun 2017 hukumar ta daina fitar da "Blizzard Watch" daban, ta haɗe ta cikin "Winter Storm Watch". Don haka kada ka zauna jiran ganin kalmar blizzard kafin ka motsa. Tana iya bayyana a wayarka bayan kayan shaguna sun riga sun ƙare.

Akwai ƙananan kalmomi da za ka riƙa ji kullum. "Flurries" ɗan yayyafin dusa ne da ba ya taruwa, kada ka fasa zuwa aiki saboda shi. "Snow squall" kuwa gajeruwa ce, ba ta cika wuce awa ɗaya ba, amma tana rufe ido farat ɗaya, kuma ita ke jawo motoci su yi ta karo da juna a babbar hanya. "Nor'easter" ita ce babbar guguwar da ke bin gaɓar teku ta gabas, ita ke kawo wa New York da Boston yawancin manyan blizzard ɗinsu. "Lake effect" kuma dusar da iska mai sanyi ke ɗaukowa idan ta ratsa saman manyan tafkuna, ita ce ke addabar garin Buffalo da ke bakin tafkin Erie.

Wadda ni na fi tsoro ita ce "freezing rain". Ruwan sama ne sosai yake sauka, amma da ya taɓa ƙasa sai ya daskare, ya yi wa titi da matakala da wayoyin lantarki rufi kamar gilashi. Idan siririn rufin nan ya kwanta a kan kwalta ba a ganinsa, sai ka ɗauka titi ne ya jiƙe, shi ne "black ice". Na ga mata da yawa, har da 'yan Zango, da karaya a wuyan hannu saboda shi. Idan ka zo irin wurin, rage tsawon taku, ka ɗan sunkuyo gaba, ka fitar da hannuwanka daga aljihu.

Sai batun ma'auni, kuma ina roƙonka ka tsaya a nan. A Ghana da Salshiyas muke auna zafi, digiri 30 rana ce ta gumi. Amurka da Faranhait take aiki, kuma a can ruwa yana daskarewa a digiri 32. Ke nan idan talabijin ta ce gobe 30 a New York, an sauka ƙasa da inda ruwa ke zama ƙanƙara. Hanya mai sauƙi ta lissafi a ka: cire 30 daga lambar, ka raba saura biyu, za ka samu kusan Salshiyas ɗinta. Kanada da Birtaniya irin namu suke amfani da shi. A gefen lambar za ka ga wata an rubuta "wind chill" ko "feels like". Ita ce sanyin da fatarka za ta ji idan iska ta haɗu da shi, kuma ita za ka bi wajen sa tufafi. A lissafin hukumar Kanada, idan ta kai 28 ƙasa da sifili, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Dusar kuma da inci suke auna ta a Amurka. Inci 12 ƙafa ɗaya ne, kusan santimita 30.

Dalilin da ya sa suke girmama kalmar nan haka, sun sha wuya a hannunta. A watan Maris na 1888 wata ta faɗa wa arewa maso gabashin Amurka ta kashe mutum fiye da 400, kusan rabinsu a New York. Ta karya turakun waya, ta tsayar da jiragen ƙasa, kuma tana cikin abin da ya sa birnin ya mai da wayoyinsa ƙarƙashin ƙasa. Wadda ta fi kowacce kisa a tarihi a Iran aka yi ta, cikin Fabrairun 1972, kusan mutum 4,000, ƙauyuka sukutum suka nutse. Kada ka ce wannan tsohon zance ne. A Disambar 2022, kwana biyu kafin Kirsimeti, ta rufe Buffalo, mutum fiye da 40 suka rasu a yankin. Wasu a cikin motocinsu aka same su, wasu a gefen titi, wasu a gidajen da wuta ta ɗauke. Motocin asibiti da na 'yan kwana-kwana su kansu sun maƙale.

Shiri tun daga Accra

Idan tafiyarka ta faɗo tsakanin Disamba da Maris, je Kantamanto ka nemi rigar sanyi ta gwanjo mai kauri, mai hula a haɗe, wadda ta sauko ta rufe cinya, kuma ruwa ba ya ratsa ta. Ka gwada zif ɗin sau da yawa kafin ka biya. Ka haɗa da hular ulu mai rufe kunne, safar hannu, safar ƙafa mai kauri, da takalmi mai tsawo wanda ƙasansa ke da zane mai zurfi. Sirrin tufafin sanyi shi ne hawa-hawa: siririya mai kama jiki a ciki, suwaita a tsakiya, babbar riga a waje. Riga ɗaya komai kaurinta ba ta kai uku ɗin nan ba. 'Yata, abaya da hijabi ba sa hana komai, dogon wando mai kama jiki za ki sa a ƙarƙashi, babbar rigar a sama. Kuma rigar nan a hannu za a riƙe ta a shiga jirgi. Kada a cusa ta cikin babban akwati, domin akwati yana iya makara, kai kuwa daga zafin Accra za ka fito kai tsaye cikin sanyin filin jirgin JFK na New York. Kwana biyu kafin tashi ka riƙa duba yanayin garin da za ka sauka, saboda idan an yi shelar blizzard jirage da yawa ake sokewa.

Ranar da ka ga "watch"

A ranar za ka je kasuwa, ba gobe ba. Amurkawa burodi da madara da ƙwai suke wawashewa. Kai ka nemi abin da zai ci ko babu wuta: gari, sukari, gyaɗa, sadin na gwangwani, shito, biskit, dabino. Ki dafa wake da shinkafa tukunya guda ki ajiye. Ruwan sha, ƙa'idar da suke bayarwa galan ɗaya ga kowane mutum a rana, kusan lita 4, na kwana 3. Mai shan maganin hawan jini ko na suga ya duba abin da ya rage masa. Mai jariri ta duba madara da famfas. A cika waya da fawa bank da caji, a nemi tocila da batir, mai mota ya cika tanki.

Masu irin aikina, ku kira ofis tun da wuri ku ji tsarin. Sau da yawa wadda za ta karɓe ki ba za ta iya isowa ba, tsohon da kike kula da shi kuma ba a barinsa shi kaɗai. Don haka ki tafi da wuri kafin iska ta tashi, da jaka mai kayan kwana biyu, da abincinki, da sallayarki, da cajar waya. Ki tabbatar maganinsa ya isa. Idan yana amfani da na'urar numfashi mai aiki da lantarki, ki tambayi iyalinsa tun yau abin da za a yi idan wuta ta ɗauke.

Ku kuma samarinmu masu tuƙin tasi da Uber da kai saƙon abinci, da ku nake magana yanzu. Na san a irin daren nan kuɗin ɗaukar fasinja yana ninkawa, na san akwai haya, akwai bashin tikiti, akwai gida da ke jira. Amma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mota ba ta tsayawa a kan ƙanƙara don ka taka birki, kuma wanda bai ga gabansa ba ƙwarewa ba ta amfane shi. Hukuma ma takan hana tuƙi gaba ɗaya. A Janairun 2016, ranar da dusa ta kai inci 27.5 a Central Park, babban lambun shaƙatawa na birnin New York, kusan santimita 70, gwamnan jihar ya hana motoci hawa titunan birnin. Idan an sa irin wannan doka, wanda ya fita ya saɓa wa hukuma ne. Abin da za ka ce wa shugabanka a wurin aiki gajere ne: "There is a blizzard warning, I cannot come in." Sun san ma'anarta, ba sai ka yi dogon bayani ba.

Idan ƙaddara ta sa ta rutsa da kai a mota, kada ka fita ka ce za ka taka zuwa wani gini da kake zaton yana kusa. Zauna a ciki. Kira 911, lambar neman agajin gaggawa, ka faɗi inda kake. Kunna inji kamar minti 10 a kowace awa don ka ji ɗumi, ka ɗan sauke gilashi kaɗan. Kafin kowace kunnawa, ka tabbatar dusa ba ta toshe bakin salansa ba. Idan ta toshe, hayaƙin cikin motar zai dawo, kuma a cikinsa akwai iskar guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum zai ji ciwon kai da jiri da barci, daga barcin nan ba ya tashi.

Ɗumama ɗaki

Wannan iskar gubar ita ce babbar damuwata game da mutanenmu, saboda mun taso da gawayi. A gida idan hunturu ya matsa, tsohuwa takan jawo murhun gawayi kusa da ita, sau da yawa ba abin da ke faruwa, domin ɗakunanmu iska tana shiga ta ko'ina. Gidajen can a toshe suke ruf, an yi su ne don kada iska ta ratsa. Gawayin da za ka hura a ciki don jin ɗumi zai iya kashe duk wanda ke ɗakin. Haka buɗe murhun gas ko tanda a bar shi yana ci, haka kunna janareta a cikin gida ko gareji. A Fabrairun 2021, da sanyi ya kashe wutar lantarki a Texas, jihar ta ƙidaya mutum 246 da suka rasu, kuma a cikinsu akwai waɗanda wannan iskar ta kashe suna neman ɗumi. Idan ka shiga sabon gida, duba ko akwai ƙararrawar hayaƙi da ta kabon monoksaid a bango ko a silin. Idan ta dame ki da ƙara lokacin da kike turaren wuta, buɗe taga za ki yi, kada ki cire mata batir.

Hita ta lantarki ma tana da nata sharaɗi. A jona ta kai tsaye a soket na bango, ba a doguwar waya ba. A nisanta ta da katifa da labule da tufafi kamar mita ɗaya, a kashe ta kafin a kwanta. Ranar 9 ga Janairun 2022 irin wannan hita ta tayar da gobara a wani dogon bene a Bronx, mutum 17 suka rasu, 8 yara ne, yawancinsu Musulmi 'yan asalin Gambiya. Hayaƙi ne ya kashe su, ya bi ta ƙofar da ta zauna a buɗe ya cika benen. Allah ya jiƙansu da rahama. Idan wuta ta tashi kuka gudu, ku ja ƙofa ku rufe a bayanku.

Kuma ka san haƙƙinka. A New York, daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu doka ta wajabta wa mai gida ya ɗumama ginin. Da rana, idan waje ya sauka ƙasa da 55 a Faranhait, cikin ɗaki ya kai 68, wato 20 a namu. Da dare kada ya gaza 62. Idan ɗakinka ya yi sanyi ka gaya wa mai kula da gini, idan bai gyara ba ka kira 311, lambar kai ƙara ga hukumar birnin. Mutanenmu suna jin nauyin kai ƙara, sai su sayi hita biyu uku su jona a waya ɗaya. Kiran ya fi wannan aminci nesa ba kusa ba.

Batun masallaci, addini ya riga ya yi mana sauƙi. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Abdullahi ɗan Umar ya yi kiran salla a wani dare mai sanyi da iska, ya ce wa mutane su yi salla a masaukansu, ya kuma faɗa cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan umarci ladan da haka a dare mai sanyi da ruwa. Baba, idan an yi shelar blizzard, ja iyalinka salla a falo.

Bayan ta wuce

Iska ta kwanta ba ya nufin haɗari ya ƙare. Kwashe dusa da shebur aiki ne mai nauyi, sanyi kuma yana matse jijiyoyin jini, shi ya sa duk shekara ake samun masu faɗuwa da bugun zuciya a ƙofar gidansu. Wanda ya manyanta ko yake da hawan jini ya ba yaro aikin. Mai yi kuma ya riƙa turawa maimakon ɗagawa, yana hutawa. A New York, idan dusa ta tsaya tsakanin ƙarfe 7 na safe da 5 na yamma, mai gida ko mai shago yana da awa 4 ya share gaban gininsa, in ba haka ba tara ce.

Ka riƙa duba yatsu da kunne da hanci, naka da na yara. A baƙar fata daskarewa ba ta cika nuna ja ba. Wurin yakan yi toka-toka, ya yi tauri, ya daina jin taɓi. Kada a murza shi, kada a kanga shi a wuta ko a jikin hita, domin ba ya jin zafi, zai ƙone ba a sani ba. Ruwa mai ɗumi-ɗumi za a sa shi a ciki, a nufi asibiti. Idan kuma mutum ya shigo daga sanyi yana karkarwa, maganarsa tana harɗewa, ya rikice, yana neman barci, sanyin ya shiga cikin jiki ke nan. A cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a kira 911 nan take.

Ga na gida

Hajiya, idan ɗanki ya ce suna da blizzard, ga abin da za ki tambaye shi: an yi "warning" ne ko "watch"? Yana gida ko yana waje? Akwai wuta da ɗumi a ɗakin? Akwai abinci? Idan ya ce yana gida, wuta tana nan, tukunya tana kan murhu, ki kwantar da hankalinki, ki yi masa addu'a. Idan kin ga hoton motoci a binne a Facebook ko WhatsApp, ki fara tambayar wane gari ne kuma wace shekara, domin tsofaffin hotuna suna dawowa duk hunturu. Ƙasar kuma faɗi gare ta. Daga Buffalo zuwa birnin New York tafiyar awa 6 ce ko fiye a mota, ko da yake jiha ɗaya suke. Ana iya rufe wancan, wannan rana tana haskawa.

A lokacin sanyi Accra tana gaban New York da Toronto da awa 5, ƙarfe 8 na safenmu ƙarfe 3 na darensu ne. Idan kin kira bai ɗauka ba, ki bar saƙo guda ɗaya ki jira. Wataƙila wuta ta ɗauke yana tattalin cajin da zai kira taimako da shi, kiran bidiyo kuma yana shanye batir.

Abu na ƙarshe, kuma da 'yan uwa duka nake, ba iyaye kaɗai ba. Yawancin 'ya'yanmu a can da awa ake biyansu, ranar da ba su fita ba babu ko sisi. Yaron da aka kira shi da safe aka ce ana jiran kuɗin makaranta ko na biki kafin Juma'a, shi ne zai ɗauki makullin mota da dare alhali an ce kowa ya zauna. Idan kun ji garinsu yana cikin blizzard, ku ɗaga masa ƙafa a makon nan, ku gaya masa da bakinku cewa kuɗin zai iya jira har a share titi.